Jibo Artis da Allon Surukarsa

A unguwar Zariya ta Maradi akwai Jibo guda biyar, amma ɗaya ne Artis, wato gwanin ado. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya sa wa kansa, ranar da ya manna wa wani ɗan kabu-kabu sitika a tankin moto ta zauna daidai ba ta karkace ba. Tun daga ranar bai ƙara ganin aikin hannun wani ya wuce shiru ba. In gini ne, an yi gaggawa. In ɗinki ne, zaren bai dace ba. Ko kitso ya gani a kan matarsa Maijidda, sai ya zagaya ta bayanta ya ce layi na uku ya kauce.

Ana nan sai surukarsa, Hajiya Halimatussa'adiya ta Tsibiri, ta sauke Alƙur'ani tana da shekara sittin da huɗu. Shekara tara ta yi tana zuwa makarantar matan aure da tabaranta mai hannu ɗaya ɗaure da zare, har Allah ya kai ta ƙarshe. 'Ya'yanta suka ce ta faɗi abin da take so. Ta ce ba ta son shadda, ba ta son rago, allon zayyana take so. Kuma ba kowane allo ba, na mahaifinta. Da shi yayyenta maza uku suka yi sauka. Kowanne aka zana masa ado mai ja da rawaya da kore, aka rubuta ayoyi a tsakiya, ya karanta gaban jama'a, ita tana gefe tana raba wa baƙi ruwa. Yayyen duk sun rasu, adon ya goge, allon ya yi baƙi wuluk don shan tawada. Shekara hamsin tana kakkaɓe masa ƙura. Wannan karon nata ne.

Aka sa walima nan da sati uku da kwana biyu. Aka duba dangi kaf, babu mai moto wanda ba shi da aikin safe sai Jibo. Aka kira shi Tsibiri. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, Hajiya na bayan labule, Maijidda a tsakani, don shekara goma sha ɗaya da auren nan suruka da suruki ba su taɓa haɗa ido ba, balle magana. Tsakaninsu bai fi taku uku ba.

"Maijidda, ce ma mijinki ya kai allon ga Jiratawa, wurin Malam Abdulmutallib mai zayyana."

"Tac ce ka kai allo Jiratawa."

"Ce ma Inna an gama."

"Yac ce an gama."

"Ce mashi kaiwa nic ce. Kaiwa kaɗai."

Maijidda ta dubi mijinta ta ce, "Ka dai ji da kunnenka."

Washegari Jibo ya kai allo Jiratawa. Wannan kam ba mai iya musawa, ya kai. Ya iske Malam Abdulmutallib ƙarƙashin mangwaro a bakin gonarsa ta zogala, ruwa na gudu a magudana, tsoho ne siriri, da wani allo bisa gwiwa, da 'yan kwalabe huɗu na tawada, da alƙaluman kara. Aka gaisa, Jibo ya zauna yana kallo. Minti goma cur, Malam ya ja layi ɗaya da bai fi ɗan yatsa tsawo ba.

"Malam, lahiya dai?"

"Lahiya lau."

"Na ga hannun ya tsaya."

"Tahiya shikai."

Jibo ya gyara zama. "Kwana nawa irin wanga aiki ke ci?"

"Sati ukku, in gona ta bar ni."

"Sati ukku! Malam, ni cikin sati ukku na yi ma moto arba'in ado, hal da a-daidaita biyu."

"Madalla."

"Ba ka da kompa ne? Irin ta 'yan lakwal, mai zana da'ira?"

Malam ya ɗaga wani ɗan zare da ƙaya ɗaure a bakinsa. "Ga ta."

Tausayi ya kama Jibo. Ya dubi tsohon nan, ya dubi zare da ƙaya, ya ga ba daidai ba ne a ɗora wa bawan Allah wahalar da shi zai iya gamawa cikin kwana uku yana sauraren rediyo. Ya jawo allon Hajiya, wanda ya riga ya ajiye gaban Malam, ya mayar cikin buhu.

"Malam, huta. Wanga ni za ni yi shi. Ado sana'ata ce."

Malam bai ɗaga kai ba. "To. Sai dai ka bar min taga a tsakiya, tsawon taƙi, inda ayoyi za su zamna. Su ni za ni rubuta su ranar walima, Hajiya ta riga ta aiko."

"Taga kaɗai? Hal ƙohwa in kana so."

"Taga ta isa."

Jibo bai zarce gida ba, teburin mai shayi ya fara tsayawa. Ya zaro allon ya ɗaga sama ya ce, "Jama'a, zayyana ta shigo Zariya."

Maman Lawali mai shayi, wanda bai taɓa kai magana ƙarshe ba tare da ya tambaya ko an gane ba, ya ajiye buta. "Jibo, zayyana hwa ba sitika ba ce, ka gane ko? Mutane shekara goma sukai suna koyo, ka gane ko?"

"Waɗanda ba su da baiwa."

A ƙarshen benci akwai Kalibu kafinta, maƙwabcin Jibo katanga ɗaya, Kirista ne ɗan asalin Tsibiri, mutumin da ba ya kashe kalma biyu inda ɗaya za ta isa. Ya miƙo hannu ya ƙwanƙwasa gefen allon da yatsa, ya saurara.

"Aduwa. Tsohuwa. Maida shi."

"Hassada ce."

"To."

A gida Maijidda ta ga allon jingine bisa firji, ta ajiye tsintsiya.

"Baban Tahira, mi allon Inna ke yi nan?"

"Hutawa shikai kahin gobe."

"Ba ka kai ba?"

"Na kai. Tambayi kowa a Jiratawa."

"To mi Malam yac ce?"

"Yac ce madalla."

Da ta gane inda maganar ta dosa, ta ɗauki waya za ta kira Tsibiri. Jibo ya tuna mata da tansiyon Inna, wato hawan jininta, ya ce labari irin wannan, na farin ciki mai yawa, ba a sako wa tsohuwa shi lokaci ɗaya. Kwana uku kawai yake nema. Maijidda ta daɗe tana kallon wayar, ta tuna likita ya hana Inna gishiri da ɓacin rai, ta mayar da ita cikin zane.

Aikin farko haɗa tawada. Jibo ya ga kwalabe huɗu wurin Malam, don haka ya jera kofuna huɗu. Baƙi, ya daka gawayi. Ja, ya tafasa zoɓo. Rawaya, ya kwaɓa kurkum. Kore, ya kirɓa ganyen zogala ya tace. Saura ƙaro, wanda kowane ɗan makarantar allo ya san shi ke riƙe tawada. Jibo ya yi nazari ya ga aikin ƙaro biyu ne, danƙo da ƙyalli, kuma sukari na da su duka, ga tsabta. Ya zuba cokali uku-uku.

Maijidda ta zo wucewa da kwano, ta tsoma yatsa a jan ta lasa.

"Saura citta da ƙanƙara."

"Mata ba su san ar ba," in ji Jibo. Haka yake kiran fasaha da Faransanci in yana son a ji tsoronsa.

Ya wuni rabin rana yana shafe-shafe, ya ɗora allon bisa katanga ya sha rana, ya tafi sallar azahar. Ƙudaje suka fara zuwa. Bayansu tururuwa, a jere. Bayansu tunkiyar Alisabatu matar Kalibu, wadda ta taka turmi ta ɗora ƙafafu bisa katanga ta hau aiki ba gaggawa. Da Jibo ya dawo ta cinye kore, ta gama da ja, tana tsakiyar rawaya. Baƙin ne kawai ta shinshina ta bari.

"Kai! Kai! Tir!"

Alisabatu ta leƙo ta kan katanga. "Baban Tahira, mi ka ba tunkiyata bakinta yai kala ukku? In ta yi zawo kai za ka share garke."

"Ke ba ki ga abin lura ba? Ko dabba ta san abu mai kyau."

Maijidda na tsugune tana kallon tururuwar. Ta ce, "Wallahi layinsu ya hi naka miƙewa."

Jibo ya wanke allo, ya ce dama gwaji ne. Kuskuren, in ma akwai kuskure, shi ne ya fara kala kafin awo. Ya buɗe jakar lakwal ta ɗiyarsa Tahira, wadda take zuwa boko da ita, ya ɗauko kompa da abin ja layi. Ya raba fuskar allon gida-gida, a tsakiyar kowane gida ya kafa tsinin kompa don ya zana da'ira. Icen ya tsufa, tsinin na zamewa, sai ya riƙa dannawa da ƙarfi yana murzawa har ya kama. Da'irorin ba su yarda bakinsu ya haɗu ba, kowace in ta zagayo sai ta wuce inda ta taso ta yi gaba abinta. Amma ramukan sun fito sarai.

Kwana huɗu ya yi a haka, sannan ya kai teburin shayi a ga ƙashin aiki. Maman Lawali ya sunkuya yana ƙirga da cokali.

"Shidda nan, biyar nan. Gida talatin, kowane da raminai. Jibo, wanga ai dara ce, ka gane ko?"

"Tsarin Andalus ne."

"A Andalus ɗin ma dara ce, ka gane ko?"

Wani dattijo a gefe har ya fara tsintar tsakuwa yana neman abokin wasa. Jibo ya fizge allonsa. Da zai wuce ya tsaya gaban Kalibu kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu.

"Kana da takardar gugar katako? Mai kaushi?"

Kalibu ya miƙa masa uku.

"Ɗaya ta isa."

"Riƙe."

Duka ukun suka ƙare, ya dawo ya karɓi biyu. Kwana uku gidan na cikin ƙura, ana tari har miya. Ramukan suka tafi, amma ba su tafi su kaɗai ba. Allon da ya zo baƙi wuluk mai kaurin yatsa biyu ya koma fari tas kamar sabuwar muciya, kaurinsa yatsa ɗaya. Maijidda ta ɗauke shi ta juya gaba ta juya baya, wannan karon ba ta yi ba'a ba.

"Baƙin nan da ka goge, tawadar kakana ce da ta kawunnaina."

"Dattin shekara saba'in dai."

"Saura sati biyu. Gobe ka maida shi Jiratawa, ka durƙusa, ka ba Malam haƙuri, ko rabin ado ne ya yi. In ba haka ba ni za ni kai shi da ƙahwata, in biya ta Tsibiri."

Ran nan tuwon Jibo ba miya ya zo. Da safe ya ɗaure allo a moto da niyya mai kyau, har ya tsara yadda zai ce wa Malam ya rage masa aiki ne, ya share masa fili. Ya kama hanyar Jiratawa. Sai dai a bakin tasha wata babbar motar kaya ta tare hanya, ya tsaya a bayanta. Ya ɗaga kai. Bayan motar nan ba inda ba a zana ba, furanni da taurari da sarƙoƙi, ja da kore da ruwan azurfa, rana na dukansu suna rama mata. Masu moto na ta danna masa oda ya matsa, Jibo bai ji ba.

"Wala!" ya ce da Faransanci, wato ga ta nan. Ya juya kan moto.

Kafin azahar ya dawo gida da gwangwanaye biyar na fentin mota da nadin sitika mai walƙiya, irin wadda ake liƙa wa a-daidaita don a hango ta. Ya gaya wa Maijidda cewa Malam tsoho ne, bai kamata a tayar masa da hankali ba. Maijidda ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Daga ranar in Inna ta kira ta tambayi allo, sai ta ce, "Ana kai, Inna," ta yi sauri ta tambayi lafiyar kaji.

Gaskiya Jibo ya bar taga, tsawon taƙi cif, ya auna da hannunsa. Matsalar layin da ya kewaye ta ne. In ya karkace ta dama sai ya ƙara masa kauri don ya ɓoye, sai hagu ta ga kamar an cuce ta, ita ma a ƙara mata. Sama ta nemi nata, ƙasa ta nemi nata. Kafin kwana biyar taga ta dawo girman wayar hannu. Jibo ya ja da baya ya kanne ido ɗaya, ya ce Malam ai ƙananan haruffa ne da shi.

Saura ƙyalli. Ya leƙa shagon Kalibu ya nemi barni, ruwan nan da ake shafa wa tebur ya yi santsi yana sheƙi. Kalibu ya riƙe gwangwanin bai saki ba.

"Kada."

"Kada mi?"

"Kada dai."

"Ka gani? Ko dalili ba ka da shi."

Kalibu ya saki gwangwanin.

Jibo ya shafa sau ɗaya, allon ya yi kyau. Ya shafa na biyu, ya ga fuskarsa a ciki, ya ƙara son aikin. Ranar walima da safe ya tarar wani ƙuda ya mutu a tsaye a kusurwar dama, ya cire shi da allura, ya bi da shafi na uku mai kauri don ya rufe gurbin. Lokaci ya ƙure. Ya naɗe allon cikin mayafin Maijidda mai furanni, ya goya a baya, ya kama hanyar Tsibiri cikin rana.

An kafa rumfa a ƙofar gidan Hajiya, maza gefe, mata gefe. 'Yan makarantar su Hajiya sun zo da fararen hijabai, dangi daga Maradi da ƙauyuka sun cika tabarmi, rabin teburin shayin Zariya ma ya zo, don ba wanda ya yarda a ba shi labari. Malam Abdulmutallib na zaune bisa buzu da kwalabensa. Hajiya na gaban mata cikin farar shiga, hannuwanta bisa gwiwa, idonta a kan hanya.

Mai sanarwa na cikin jero godiya Jibo ya karɓe mikro daga hannunsa.

"Salamu alaikum jama'a. Yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba, Gobir da Katsina dut. Zayyana ta zamani. Ba a Jiratawa anka yi ta ba, ba a Kano ba. A Zariya anka yi ta, da hannun ga."

Hajiya ta juya a hankali. "Maijidda, mi mijinki ke cewa?"

"Inna, sha ruwa."

Jibo ya kama bakin mayafi ya ja da salo, kamar mai buɗe sabuwar mota. Mayafin bai zo ba. Ya ƙara ja. Ya maƙale allon tsakanin gwiwoyinsa ya ja da hannu biyu, mayafin ya taso da wata ƙara kamar ana yage buhu, ya bar furanninsa da zarensa kwance cikin barnin.

"Hurannin da gangan ne," in ji Jibo a mikro. Ya ɗaga allon sama.

Rana ta sauka kan sitika da ruwan azurfa. Sahun gaba duk suka kare ido. Wani tsoho mai sanda ya ce don Allah a kashe fitilar. Warin fenti ya bi rumfa, wata mai ciki ta tashi ta koma baya. Maman Lawali ya ce, ba da ƙarfi sosai ba, "Saura lamba da madubi a hau titin gudaro, ka gane ko?"

Malam Abdulmutallib ya karɓi allon da bakin yatsu. Ya dube shi sama, ya dube shi ƙasa.

"Ina tagar?"

"Ga ta nan, Malam."

"Wagga?"

"Ita."

Malam ya buɗe kwalbar baƙar tawada. Ya tsoma alƙalami, kuma kamar yadda ya saba kafin ya fara rubuta kalmar Allah, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kusurwa don ya ga yadda ice zai sha. Ɗigon ya dunƙule kamar ƙwayar gero, ya ɗan tsaya yana shawara, ya gangaro ta kan furanni, ya faɗa kan babban yatsan ƙafar Jibo. Malam ya sake ɗigawa. Na biyu ya bi sawun na farko. Na uku ma haka, sai dai shi ya fi sauri, ya riga ya ga hanya.

"Tawadar ce ta yi ruwa," in ji Jibo.

"Shekara arba'in nike haɗa ta."

"To ta tsuhwa."

Malam ya juya allon don ya gwada bayansa. Bayan ma fuskarsa ya gani tana kallonsa.

"Nan ma?"

"Ni ba ni rabin aiki, Malam."

Wata daga cikin mata ta toshe baki da hijabi. Jibo ya ga lokacin ceto ya yi. Ya laluba aljihu ya zaro wani ƙaton alƙalamin markar, irin wanda yake rubuta lambar moto da shi, ya miƙa da hannu biyu.

"Gwada wanga. Ko bisa gilashi shina kamawa."

Malam ya dubi markar, bai karɓa ba. "In Hajiya ta karanta, ana wanke ayoyin cikin ƙwarya ta sha, jikokinta su sha. Haka anka yi ma yayyenta. Wanga shina wankuwa?"

Jibo ya matso da mikro bakinsa, don wannan tambaya ce da yake alfahari da amsarta.

"Har abada ba ya hita!"

Daga nan tsohon mai sanda ya fara, wata irin dariya mai kama da tari, sai ta bi sahu-sahu har ta isa wurin masu tukwane a cikin gida, waɗanda ba su ma ga komai ba.

Malamar makarantar su Hajiya ta miƙe da sauri ta ce ba komai, a aika gidanta a ɗauko wani allo, akwai su da yawa.

"A'a," in ji Hajiya.

Dariya ta tsaya.

"Ba ni karatu bisa allon kowa. Shekara hamsin nike jiran wanga."

Ta dafa ƙasa ta tashi. Ta tako har gaban buzun Malam, ta gyara tabaranta, ta dubi allon, sannan ta ɗaga kai ta dubi surukinta cikin ido. Jibo ya waiga yana neman Maijidda ta shiga tsakani. Maijidda na duban rufin rumfa.

"Jibo."

Mata suka dafe ƙirji. Ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Na'am, Inna."

"Ina baƙin allon ubana?"

Jibo ya buɗe baki. A rayuwarsa bai taɓa buɗe shi ya iske ba komai ciki ba sai ran nan. Mikro na hannunsa har yanzu, don haka kowa ya ji lokacin da ya haɗiye yawu.

"Na... na goge shi, Inna."

Hajiya ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta tsaya nan ba ta koma ta zauna ba, kuma duk wanda ke wurin ya san in ba a yi wani abu ba za a watse walimar nan ba a karanta ko aya ɗaya ba.

Sai ga Kalibu ya taso daga bayan maza da ɗan buhu a hannu. Ya tsaya nesa kaɗan da buzu, ya rusuna.

"Malam, akwai aya bisa?"

"Ko ɗigo bai zamna ba."

"In taɓa?"

"Taɓa."

Kalibu ya zaro rabo daga buhu, ƙarfen nan da kafintoci ke share fuskar katako da shi. Maman Lawali ya zaro ido.

"Kalibu, walima kaz zo da rabo?"

"Tun ran barni nas sa shi buhu."

Aka jawo benci. Ana bukatar mai danne allon kada ya zame, kuma ba a yi shawara ba idon kowa ya sauka kan mutum ɗaya. Jibo ya ajiye mikro, ya durƙusa da babbar rigarsa, ya danne. Kalibu ya tura. Furanni suka taso a naɗe suka faɗi ƙasa. Ya sake turawa, ruwan azurfa ya bi. Mata suka matso suna ba da rahoto ga na baya.

"Kore ya tahi."

"Ga ja nan shina bi."

"Wayyo, taga ta tahi."

"A hankali wurin nan," in ji Jibo ƙasa-ƙasa, "kwana biyu nay yi a kai."

Kalibu ya share wurin da turi ɗaya.

Da aka gama gaba da baya, allon ya dawo fari, siriri kamar murfin littafi, har Kalibu da kansa ya miƙa shi da tafin hannu biyu kada ya karye. Malam ya ɗiga ɗigo a kusurwa. Ice ya shanye shi nan take. Ya ɗauki jar tawada ya ja layi huɗu, ya ɗaura ɗan ƙulli a kowace kusurwa, ya sa ɗigon rawaya a cikin kowane ƙulli. Iyakar adon ke nan. Sannan ya yi bisimilla ya rubuta ayoyin da baƙa, manya-manya, yadda mai tabarau ba za ta wahala ba. Ba wanda ya ce hannunsa ya tsaya.

Hajiya ta zauna ta ɗora allon bisa gwiwa. Ta shafa gefensa da yatsa, inda hannun Kalibu bai kai ba, wani ɗan siririn baƙi ya rage. Ta fara karatu, ta kai ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Malam ya yi addu'a, mata suka rangaɗa guɗa, aka wanke allon cikin ƙwarya ta sha, aka bi jikoki da saura.

Da aka zo watsewa, kowane baƙo aka miƙa masa leda da waina da nama. Ta Jibo Maijidda ce ta kawo da kanta daga ɗakin Inna, kuma ta fi ta kowa girma sau uku. Nan take kafaɗunsa suka dawo inda suke. Ya ɗaga ta yadda Maman Lawali zai gani.

"Ka ga tawa? Inna ta san wanda ya wahala."

Ya kwance bakin ledar. Ja da kore da rawaya da ruwan azurfa, a naɗe a naɗe, har da zaren mayafi. An share ƙarƙashin bencin tas an zuba masa.

"Tac ce ita ba ta cin haƙƙin ma'aikaci," in ji Maijidda. "Ga zayyanarka, ba a rage ko ɗaya ba."

Jibo ya daɗe yana kallon cikin ledar. Mutane suka rage tafiya don su ji. Ya tsamo naɗi ɗaya, ya ɗaga shi saitin rana, ya juya shi.

"Amma ku dubi kalar, don Allah. Ko rabo bai sa ta koɗe ba. In da an bar ni in ƙara kwana biyu..."

Kalibu ya buɗe tasa ledar, ya zaɓi waina mafi girma, ya miƙa masa.

"Ci," ya ce. "Da zahi. Cika baki."